Ranar Mufti

Gangare, Jos.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya kai ka Kuru lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki. Allah Ya sa aikin koyarwar nan da za ka fara ya zame maka alheri duniya da lahira.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a cikin jakarka, alhali tsakanin ɗakina da naka bai fi taku biyar ba. Ni ma mamakin nake yi. Sau uku a makon nan na kira ka shago da niyyar mu yi magana, kana zuwa sai in ce ka miƙo mini almakashi, ko in tambaye ka ko an kawo wuta a gida. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Ko sunanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in buɗe maka cikina. Mahaifiyarka ce ta ce in rubuta tunda bakin ya ƙi. Da na zauna zan fara, sai na laluba na ga ba ni da wata nasiha sai kurakuraina, kuma yawancinsu a bakin ƙofar makarantar firamare na tafka su. Tunda kai ma can ka nufa, ga su nan, ka tsinci abin da zai yi maka amfani.

Abin da ya tayar da maganar shi ne takardar da ƙanwarka Nana ta kawo ranar Litinin, ta labaran ƙarshen zangon karatu. Na miƙa maka ka fassara mana. Ka karanta ranar guje-guje, da ranar karɓar sakamako, da bikin yaye ƙananan yara, waɗanda ko tazugen wando ba su iya ɗaurewa ba amma ake sa musu rigar digiri da hula mai tuntu. Ni nake ɗinka rigunan duk shekara, kuma har yau ban gane me suka gama ba. Ka ce akwai ranar launi, akwai ranar sana'a. Duk na gyaɗa kai kamar na fahimta. Amma a layi na biyu daga ƙasa akwai kalma ɗaya wadda ko ba tabarau zan gane ta: mufti. Idona na kanta lokacin da ka iso wurin. Sai ka yi ɗan tari, ka tsallake layin gaba ɗaya, ka naɗe takardar. Daga baya na ji ka a zaure kana ce wa Nana ƙasa-ƙasa, "Ranar Alhamis atamfarki za ki sa, ba yunifom ba."

Tun ranar na kasa samun natsuwa. Shekara goma sha bakwai ke nan ni da kai ba wanda ya furta kalmar nan a gaban ɗan'uwansa. Ban sani ba ko don ka rufa mini asiri ka tsallake ta, ko kuwa don har yanzu tana yi maka ciwo. Ba na so ka bar gidan nan ban sani ba, kuma ba na so ka tafi da abin a ranka in yana nan.

Kana aji biyu, shekararka bakwai. Ka kawo takarda irin wannan a ƙarshen shekarar karatu, lokacin damina. A lokacin ina ji da kaina, don na yi wata shida a ajin yaƙi da jahilci, na iya haɗa baƙaƙen Turanci ko da ma'anar ta tsere mini. A layinmu na teloli ni ake kawo wa rasit in duba. Na bi takardar da yatsa har na iso inda aka ce duk yara su zo ranar Alhamis cikin mufti. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ka ga mutanen arziki, makarantar da yawancin malamanta Kirista ne, amma sun ware rana guda don girmama malaman addininmu. A nawa lissafin, wasan kwaikwayo za a yi, kowane yaro ya yi shigar babban malami mai ba da fatawa. Na ɗan yi tunanin to 'yan mata fa, da yaran Kirista, su me za su sa? Tunanin ya zo, na kore shi kamar ƙuda.

Mahaifiyarka ta ce, "Malam, ka leƙa wa Istifanus mana ya duba maka." Ka tuna Istifanus, maƙwabcin shagona mai gyaran rediyo, wanda 'yarsa Rifkatu take ajinku. Tsakanina da shi katako ɗaya ne. Amma ni da na gama cika baki a layi cewa na yi boko, sai in ɗauki takardar ɗan aji biyu in kai masa? Na ce mata mufti kalmarmu ce, daga Larabci ta fito, in ma akwai mai tambaya su ne za su tambaye ni.

Wannan shi ne kuskurena na farko. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ƙi tambaya na ɓata, na tafi da kai. Za ka je wurin da ba ka saba da shi ba. In aka faɗi abin da ba ka gane ba, ka tambaya, ko da mai share aji ne. In kuma aka faɗi abin da kake ganin ka gane sarai, nan ma ka tambaya, don abin da ban sani ba bai taɓa kayar da ni ƙasa ba kamar abin da na ɗauka na sani.

Na biyu ya fi wannan muni, don kai da kanka ka gaya mini. Ina gwada ka da tef a shago, ka ɗaga kai ka ce, "Baba, Malama ta ce kayan gida za mu sa." Na ce, "Kai me ka sani? Tsaya daidai in auna kafaɗa." Ka tsaya daidai.

Kwana biyu na ajiye ɗinkin mutane. Na yanka farar jallabiya, na ɗinka maka 'yar alkyabba koriya da aikin zare mai ruwan zinare a wuya da gaba. Na sayo yadi huɗu na rawani, na ari carbin kakanka mai manyan 'ya'ya. In faɗa maka gaskiya, har yau ban yi ɗinkin da ya kai alkyabbar nan kyau ba, kuma wannan ma wani abin haushi ne. Ranar Alhamis na naɗa maka rawanin da hannuna, har da amawali. Muka fito, mutanen layi suna ta "Allah Ya gafarta Malam", ni kuwa kaina yana ta kumbura. A bakin ƙofar makaranta na ga yara cikin wandon jins da riguna masu hoton ƙwallo, 'yan mata cikin atamfa da leshi. Ka san abin da na ce a raina? Na ce Allah sarki, iyayensu ba su da hali. Na tura ka ciki, na juya na koma shago ina jin tausayin 'ya'yan mutane.

Muna yawan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A ranar kai ka hango kana tsaye a ƙasa, ni da nake bisa rimin ban ga komai ba. Saboda haka in yaro a ajinka ya ce maka, "Malam, ba haka ba ne," kada ka yi masa tsawa kafin ka ji ƙarshen maganarsa. Sai dai a nan ma kaina yana ɗaurewa, don in ka biye wa kowane yaro ai ba za a yi karatu ba. Ban san inda iyakar take ba. Na dai san ni na wuce ta.

Da azahar ka dawo. Rawanin yana hannunka a dunƙule, alkyabbar ta sha taɓo, ga ledar shinkafa da biskit ɗin da aka raba muku ko buɗewa ba ka yi ba. Yara sun biyo ka har bakin lungu suna waƙa, "Mufti, ba mu fatawa." Ka wuce ni ka shiga ɗaki ka kwanta ka juya wa ƙofa baya. Ba ka yi kuka ba. Da ka yi kukan, da wataƙila na san abin yi.

Maimakon in shiga in zauna kusa da kai, sai na hau dokin zuciya. Washegari ranar karɓar sakamako ce, na isa makarantar kafin a buɗe ofis. Malamar ajinku, Malama Kaneng, tana jera katunan sakamako a kan tebur. Ko gaisuwa ban yi ba. Na ce sun rubuta sunan malaman addininmu a takarda don su mai da shi abin dariya, sun sa an yi wa ɗana ihu a titi, kuma sai na tara jama'a an bi mini kadin abin. Ka san shekarun nan, gari bai daɗe da lafawa daga rikici ba, kowa a tsorace yake da kowa. Magana irin wannan in ta fita titi ba ta dawowa ita kaɗai.

Matar nan ta tashi ta tura ƙofa ta rufe. Ta jawo mini kujera. Ta ce da irin Hausarta, "Baban Abba, zauna tukuna. Wannan magana in ya fita waje, ni da kai ba za mu iya kama shi ba."

Na ce ba zama ya kawo ni ba.

Ta ce, "Na sani. Amma ka ji ni. Mufti a Turancin makaranta shi ne kayan gida kawai. Soja ma in ya cire kaki ya sa rigan kansa, ana ce yana cikin mufti. Wallahi ni ban san a wajenku sunan babban malami ne ba, sai jiya da na ga yaron."

Na ce, "Kayan gida?"

Ta ce, "Kayan gida. Ko wannan da ke jikinka yanzu, mufti ne."

Na dubi rigata, da tef ɗin awo a rataye a wuyana, don ko cire shi ban tsaya yi ba. A nan na zauna ba tare da an sake ce mini in zauna ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina jiran ta rama, don ta samu dama, sai ta ce laifinsu ne, su da suka san yawancin iyayen yaran ba Turanci suke ji ba. Ta ce, "Amma ka iya ɗinki, oga. Ni na cire masa rawanin da na ga suna damunsa, sai da na tsaya ina kallon aikin wuyan." Tun daga wannan zangon, duk takardar da ta fito daga ajinta sai ta sa an rubuta Hausa a ƙasa.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Garin nan namu kalma ɗaya tana iya tayar da abin da shekara goma ba za ta kwantar ba. In ka ji maganar da ta sosa maka addini ko ƙabila, ka fara tambayar mai maganar me yake nufi, kai da shi, ƙofa a rufe. Sannan duk ranar da wani uba ya faɗo maka ofis yana kumfar baki a kan abin da bai gane ba, ka ba shi kujera. Mai yiwuwa ba mugu ba ne, kunya ce take cin sa bai san inda zai ajiye ta ba. Takardunka kuma ka rubuta su yadda iyaye za su gane. Ban ma san da wane harshe za ka rubuta wa mutanen Kuru ba, wasu Birom, wasu Hausa, wasu Turancin ya fi musu sauƙi. Wannan kai za ka gano. Ka dai tuna cewa takardar da ka rubuta cikin minti goma, wani gida kwana biyu za a yi ana juya ta.

Yanzu na zo kan wanda ya fi yi mini nauyi. Na dawo gida na san gaskiya, na san kai ne mai gaskiya tun farko. Abin da ya rage in ce, "Abba, na yi kuskure, ka yi haƙuri." Kalmomi nawa ne? Sai na kasa. Na ce uba ba ya ba ɗa haƙuri, balle ɗan fari. Na je kasuwa na sayo yadin jins, na ɗinka maka wando irin na yaran nan, na ajiye a kan katifarka. A ganina wandon zai yi magana a madadina. Ka sa shi, ka ce an gode. Shi ke nan, na ɗauka an wuce wurin.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sunan ya bi ka, har malamai wani lokaci Mufti suke ce maka. Kuma daga ranar takarda ba ta sake shigowa gidan nan ta hannunka ba. Ƙarshen kowane zango in na ce, "Ba a ba ku takarda ba?" sai ka ce, "Ba a ba mu ba." Na san an ba ku, don ina ganin ta Rifkatu a kan teburin Istifanus. Kai ma ka san na sani. Na yi shiru, kuma in ban ɓoye maka ba har da ɗan jin sauƙi, don ni ma tsoron takardun nake yi. Shekara huɗu muka yi a haka. A bakin masu kawo ɗinki na ji ka zo na biyu a tsere. A bakin Istifanus na ji ka yi muhawara ka kayar da 'yan aji shida, na kuma ji ka buga ganga a rawar gargajiya har hedimasta ya yi maka liƙi. In an ba ni labari sai in ce, "Ai na sani," in ci gaba da taka keke.

Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na yarda akwai maganar da haɗiye ta ya fi. Amma ni na haɗiye wadda ya kamata in faɗa. Yadda mutum zai bambance su, wallahi har yau ban iya ba. Abin da zan ce maka kawai, in ka ɓata wa yaro, ka ba shi haƙuri da baki, a ranar, ko a gaban aji ne. Alewa da fensir ba sa yin wannan aikin. Kuma in ka ga yaron da ba a taɓa zuwa masa taro ba, kada ka yi saurin cewa iyayensa ba su damu da shi ba. Ka bincika ko takardar tana isa gida, in ba ta isa ka bincika dalili.

Akwai abu ɗaya da ya rage, wanda ko mahaifiyarka ban taɓa gaya wa ba.

Shekarar da ka gama aji shida, Istifanus ya leƙo ta saman katako ya ce, "Oga Sale, gobe sai mun haɗu a wajen rabon kyauta ko? An ce yaronka zai kwashe na lissafi." Na ce masa in Allah Ya yarda, kamar da ma na san da zancen. Washegari na yi wanka, na sa farar shaddata ta Juma'a, na rufe shago. Na isa har bakin ƙofar makarantar, ina ganin rumfuna da kujeru da iyaye suna ta shiga. Sai ƙafata ta tsaya. Na ce yaron nan bai gayyace ni ba. In na shiga, abokansa za su nuna ni su ce ga baban Mufti, ga wanda ya naɗa rawanin, in ɓata masa ranarsa karo na biyu. Na zagaya ta bayan makarantar, na tsaya a gindin katanga, daidai inda lasifika take fuskanta.

Ana ɗan yayyafi. Na ji waƙoƙin yara, na ji jawabin hedimasta mai tsawo, na ji an kira na Turanci da na kimiyya. Sannan aka kira sunanka cikakke, sunan nan da bakina bai taɓa furtawa ba. Filin gaba ɗaya ya ɗauka, "Mufti! Mufti!" kamar an ci ƙwallo. Na kasa kunne in gane ko ihun murna ne ko na tsokana, na kasa. Katangar ta fi ni tsayi. Ban ga fuskarka ba. Ban sani ba ko dariya ka yi ka ɗaga musu hannu, ko kuwa sunkuyar da kai ka yi. Shekara goma sha uku ina juya wannan a raina. Wani lokaci in ce ai sunan ya daɗe da zame maka ado, ni kaɗai nake dakon abin da kowa ya sauke. Wani lokaci in ce a'a.

Da ihun ya lafa, mai sanarwa ya ce mahaifin yaro ya fito a ɗauki hoto. Ba wanda ya fito. Ya sake cewa, "Ina mahaifinsa?" Ya faɗa har sau uku. Abba, tsakanina da kai bai fi taku ashirin ba, ina tsaye cikin shaddata ina jin ana nemana. Na ɗaga ƙafa na mayar. Can na ji muryar Malama Kaneng tana cewa, "Ni zan tsaya masa." Aka tafa. Ni ma na tafa a bayan katanga, sannan na koma na buɗe shago. Da yamma ka shigo da littafi a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, na ce, "Mene ne wannan?" ka ce, "Ba komai, a makaranta aka ba ni."

Wannan kuskuren ba ni da nasihar da zan ɗora a kansa. Na duba ban samu ba. Abin da nake da shi shi ne abin da ya kamata in faɗa tun kana shekara bakwai. Kai ne mai gaskiya, ni na yi kuskure. Ka yi haƙuri, ka yafe mini. Ka yafe mini rawanin, ka yafe mini shirun, ka yafe mini kiran nan uku da ban amsa ba.

Sai roƙo ɗaya. Mahaifiyarka ta ce a ƙarshen zango mai zuwa kai za ka shirya wa ajinka nasu wasan, ka tsaya a gaban iyaye ka kira sunayen yara. In ka rubuta takardar, ka aiko mini da guda ɗaya. Zan kai wa Istifanus ya karanta mini ita daga sama har ƙasa, in tambaye shi duk abin da ban gane ba. In ba ka aiko ba, ba zan yi fushi ba, kuma ba zan zo in laɓe ba. Amma in ka aiko, zan hau mota in zo Kuru, kuma a wannan karon ta ƙofa zan shiga.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya ba ka haƙurin zama da 'ya'yan mutane da iyayensu, Ya sa ka gama lafiya. Mahaifiyarka da Nana suna yi maka fatan alheri. Ka riƙe salla, ka riƙa sa rigar sanyi da safe.

Ni ne mahaifinka,
Sale Tela.